Rabin Awa

A Valdivia ruwan sama ɗan gida ne,
ba ya sallama.
Jiya ya kwana yana ƙwanƙwasa kwanon rufi,
ni ma na kwana ina sintiri,
gado, banɗaki, gado,
sau goma sha ɗaya. Na ƙirga,
don Yasna ta ce in riƙa rubutawa.

Yasna ce nas ɗin da ta koya mini.
Ranar farko ta miƙo ɗan ƙaramin madubi,
ta ce, "Edelmira, duba da kyau, jikinki ne."
Shekara hamsin da takwas ina haya a jikin nan
ban taɓa leƙa wannan ƙofa ba.
Na yi dariya don kunya, dariyar ta koma hawaye.
Ta jira ni. Ko agogo ba ta kalla ba.

Yanzu kowace Talata da Juma'a
nakan ɗauko kwalbar daga firji,
can tsakanin man shanu da ragowar miya,
in ɗumama ta a tafin hannu
kamar ƙwan da kaza ta tashi ta bari.
Sabulu har gwiwar hannu. Tawul a kan gado.
Siririyar roba, sabuwa fil a ledarta,
sirinji, auduga, madubin nan.
Hannun da ya shekara talatin
yana feɗe kifi a kasuwar bakin kogi,
yana jefa wa zakunan teku kayan ciki,
bai taɓa rawa ba
sai a nan.

A hankali. Ja numfashi.
Raɗaɗi kamar an ja zaren wuta,
sai kuma sanyi ya gangara
inda ba a saba karɓar baƙi ba.

Saura riƙewa. Rabin awa cur.
In kwanta rigingine, in juya dama, in juya hagu,
maganin ya shafi kowane bango.
Mafitsara tana ta magiya,
sake ni, sake ni,
ina lallashinta kamar ɗan goye:
saura ashirin, saura goma sha tara.

Baldomero yana bayan ƙofa.
Ba ya shigowa, haka muka shirya.
Yana ƙara wa murhu itace ko da bai ci ba,
ya yi ɗan tari don in san yana nan.
Kofinsa ma a rumfar itace yake sha yanzu,
wai ya fi daɗi a can.
Ƙarya yake. Ƙamshin ne ba ya so ya biyo ni.

Na rabu da kofi, da tumatir, da lemun tsami,
da jan barkono mai hayaƙi
da uwata ke barbaɗawa a kan komai.
Maƙwabta na cewa, "Ai kin yi kyau, kin warke."
Nakan ce musu na gode.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata Juma'a na kasa.
Minti bakwai, ya zube a zanin gado,
maganin da muka yi layin safe muka karɓo.
Na zagi robar, na zagi kogin, na zagi watan Yuli.
Baldomero ya wanke zanin bai ce uffan ba,
ya shanya shi a kan murhu
har gefensa ya ɗan ƙone.
Shi nake kwance a kai yanzu.

Na san banɗakunan garin nan kaf,
na tashar mota, na kantin magani,
da wanda ake biyan tsabar kuɗi kafin a ba ka takarda.
Amma hanyar Niebla babu ko ɗaya da na sani,
kuma rabona da ganin teku tun bara.

Agogo ya ce talatin da huɗu.
Ban ma lura ba, ina lissafin motar Lahadi:
in na zauna kusa da ƙofa,
in ban sha komai ba tun asuba,
in direban mai mutunci ne.

Baldomero ya yi tari.
Na ce, "Na ji ka. Ɗora ruwan zafi."